Hannun Inna Yelwa

Kwana arba'in da rasuwar Inna Yelwa, Hafsatu ta baro Tsafe ta sauka gidan yayanta Ma'u a Tudun Wadar Gusau, ta ce ba inda za ta sai ya ba ta hoton uwarsu. Ba su da wani hoton tsohuwar ko na katin zaɓe, ita kuwa da idonta ta ga ranar da ya ɗauke ta a ƙofar gida.

Ma'u mai hoto ne, irin na da. Ƙatuwar kyamararsa ta katako mai ƙafa uku ce, sai ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka, fim ɗin kuma falle-falle ne, kowane ya kai tafin hannu. Masu hoton kala ba mutane ba ne a wurinsa. Tun da aka ba da jiha yake bin manya daga Gusau zuwa Bunguɗu yana ɗaukar su, ko ba su nema ba. Su kuwa sun riga sun rataya na kala a falo, nasa suka taru a kwali shekara biyu ba a wanke ba.

Hafsatu ta daɗe da raina wannan ɗagawa tasa. Ya ce mata na Inna yana cikin kwalin, sai an wanke. Ta zauna bakin ɗakin ajiyar da ya toshe wa taga da buhuna, tana ɗebo masa ruwan randa, don ya ce na famfo da zafi zai narke fim. Warin maganin wanke fim ya cika tsakar gida. Shi kuwa daga ciki sai lacca yake mata kan sana'a, kamar shi ya ƙago ta.

Kwana uku ana yi. Igiyar shanya ta cika da kansiloli da 'yan kwangila, fim ya juya su, fuska fara fat, babbar riga baƙa ƙirin, kowa ya turo tumbi. Rabinsu an ma sauke su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga wa rana, babu Inna.

Da kwalin ya ƙare ta tsare shi da ido. Ya yi ta goge hannu a riga, ya ce wataƙila zafi ya ci shi. Can ya faɗi gaskiya: tsohuwar ce ta dame shi da roƙo, shi kuma fim falle ɗaya ya rage, na wani kansila da za shi iso. Sai ya shiga cikin ƙyalle ya danna mata da kyamara wayam.

"Ta sa zanenta na Salla, Yaya," in ji Hafsatu. "Har ta mutu tana tambaya ta ko ya hito."

Ta koma igiyar ta nemo kansilan. Ga shi zaune a ƙofar gidan Inna na Tsafe, an shimfiɗa masa farin zanen gado a bayansa don kada katangar laka ta fito. A gefe, can ƙurya, hannu ne riƙe da bakin zanen. Ta san munduwar, ta san ɗan yatsan da turmi ya taɓa murƙushewa. Ashe bayan ya yaudari Inna, ita ya sa ta riƙe wa baƙon labule.

Ta ce ya buga mata shi a takarda. Ya buga, bai iya haɗa ido da ita ba, amma sai da ya ce ta duba yadda aikin rigar ya fito tsaf.

Hafsatu ta karɓi almakashi wurin matarsa, ta yanke siririn gefen nan, ta ƙulle shi a bakin zane. Sauran ta miƙa masa.

"Ga mutuminka nan, ka rataya."

Ko abincin rana ba ta jira ba, ta nufi tashar Tsafe.