Uwar Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ta zo, sai ku gyara zama. Wannan ba ta dabbobin daji ba ce, ta mutane ce, kuma har yau in na tuna ta sai na ji raina ya ɓaci.

A Kafanchan aka yi ta, a shekarun da aka kwashi sojojinmu aka kai Laberiya. Bayan tashar jirgi akwai wata rumfar kwano ta Baba Andrawus, tsohon ma'aikacin reluwe. Da ya yi ritaya sai ya sayi bidiyo da talabijin da wata janareta mai tari kamar tsohuwar akuya. Kowace Asabar da azahar, in kasuwa ta fara sanyi, rumfar ta mata ce. Ba namijin da ke shiga sai shi Baban, shi ma don ya danna kaset ne. Matan zumunta na coci su zo, masu tuyar doya su zo, Filani masu nono su jera ƙorensu a bakin ƙofa su shigo.

Finafinan Turawa ake sawa, Turancin kuwa irin na cikin hanci, wanda ko ɗan sakandare sai ya karkata kunne. Shi ya sa aka ajiye kujera guda kusa da talabijin, ta Malama Lai'atu. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa a firamare, rabin garin ta hannunta suka bi. Ita ke juya maganar 'yan fim zuwa Hausa, Hausarta kuma ta coci ce, mai tsabta. In mugu ya surfa wa jarumi zagi, sai ta gyara tabarau ta ce ya faɗi abin da bai kamata ba. Mata su yi ta roƙo ta faɗi ainihin zagin, ta ƙi.

Ba fim kaɗai take karanta wa mutane ba. Duk wadda ɗanta ya aiko da wasiƙa, wurin Malama take kaiwa. Cikinsu akwai Hajjo, wata Bafilatana mai nono da ke zuwa daga rugarsu ta kan hanyar Manchok. Ɗanta na fari, Gidaɗo, ɗalibin Malama ne tun aji ɗaya, kuma yana cikin sojojin da aka tafi da su. Kun dai san Filani da ɗan fari. Hajjo ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ko ta san da shi a duniya. In wasiƙa ta zo, sai ta ɓoye ta a ƙarƙashin faifan ƙwarya, ta jira a tashi daga kallo, ta ɗora wa Malama a cinya ta ce ga takardar mutumin nan. Malama na karantawa, ita tana kallon bango kamar ana karanta ta maƙwabta. In an gama ta ce to, ta ɗauki ƙwaryarta.

Akwai wani fim da matan nan suka so fiye da kowane. Sunansa na Turanci ba mai iya faɗa, sai suka sa wa jarumin suna Shamuwa, don mayafinsa baƙi ne, ƙirjinsa fari, ga dogayen ƙafafu, kuma ba ya bayyana sai hadari ya haɗu. Da rana mai gyaran agogo ne, ba mai kallonsa sau biyu. In an taɓa marasa ƙarfi sai ya yafa mayafin ya tashi sama. Amma ba tashinsa ne ya kama Hajjo ba. Wata tsohuwa ce a fim ɗin, wadda ta rene shi. Ita ke ɗinke masa mayafi in ya yage. Ya dawo da jini a goshi, ba za ta tambaye shi inda ya je ba, sai ta tura masa kwanon abinci ta juya baya. Hajjo ta ce wannan tsohuwar tana da kunya, da ganinta akwai jinin Filani a danginsu.

A ƙarshen fim ɗin mugu ya sa wa gidan wuta, tsohuwa na ciki. Shamuwa ya taso daga nesa, yana keta hayaƙi, mata sun miƙe tsaye a kan bencina. Sai hoto ya yi rawa, ya ɗauke. Me za a gani? Bikin auren wasu mutane a Gwantu, ana cashewa da amarya. Ashe wani mara tsoron Allah ya ɗauki bikinsu a kan ƙarshen kaset ɗin. Aka yi ca a kan Baba Andrawus, har wata mai tuyar doya, Bernice, ta ce zai ga abin da zai gani. Malama ce ta kashe wutar rigimar. Ta miƙe ta ce kowa ya kwantar da hankali, ta san ƙarshen: ya fito da ita, ta rayu.

Hajjo, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a rumfar nan ba, ta ce, “Kin tabbata, Malama?”

Malama ta ce, “Na tabbata.”

Wata takwas bayan haka Baba Andrawus ya dawo daga Jos da kashi na biyu. Ran nan har a ƙasa aka zauna.

Ba zan yi wa fim ɗin ƙarya ba, yana da abin yabo. Hotonsa garau, ba irin na farko mai yayyafi ba. Tashin Shamuwa kuwa, a na farko kana iya zargin igiya, a wannan sai ka rantse fuka-fuki gare shi. Akwai inda jirgin ƙasa ya ƙwace a kan gada, ya sha gabansa ya tokare shi da kafaɗa. Baba Andrawus ya manta shekarunsa ya yi tsalle, ya ce wanda ya shirya wurin nan ya san jirgi, don haka ƙarfe ke kuka in birki ya kama. Sai da aka roƙe shi kafin ya haƙura da mayar da wurin baya karo na uku.

Amma ku ji yadda suka buɗe fim ɗin. Kabari. Dutse da rubutu a kai, Shamuwa tsaye da furanni uku a hannu. Malama ta karanta rubutun, muryarta ta sauka, don sunan tsohuwar ne. Shi ke nan fa. Ba a nuna ciwonta ba, ba a nuna gawa ba, ba zaman makoki, ba wanda ya zo gaisuwa ko da maƙwabci guda. Matar da ta yi ta huda yatsunta da allura saboda shi! Tsayuwar da ya yi a kabarin ba ta kai a shanye ludayin fura ba, sai ga wata yarinya mai jan gashi ta dafa shi, ya juya yana mata murmushi. Yarinyar ma an canza ta, ba fuskar da aka sani a na farko ba ce, kuma ba wanda ya ce mana komai, kamar mu ba mu da idanu. Mayafin da tsohuwa ke ɗinkawa an jefar, an ba shi wani mai sheƙi kamar ledar shinkafa. Mugaye har uku suka zuba, kowa da tasa rigimar, har Bernice ta ce ita ta daina sanin wa ke dukan wa.

Hajjo ba ta motsa ba har aka gama. Tana jira ne ko tsohuwar za ta ɓullo daga wani wuri a ce kuskure aka yi. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, sai ta miƙe ta tuna wa Malama, a gaban kowa, cewa ta ce ta tabbata.

Malama ba ta yi musu ba. Ta ce a jira ta, gidanta ba nisa. Ta je ta dawo da wani ɗan littafi mai zane-zane, gefensa duk ya cinye. Ta ce shekarun baya ta ƙwace shi a hannun wani ɗalibi da ke karantawa a ƙarƙashin tebur, kuma daga irin littafin nan aka ɗauko labarin fim ɗin. Ta buɗe. Ga gidan yana ci da wuta, ga Shamuwa ya fito da tsohuwa a hannu, ga ta a shafin ƙarshe zaune da allurarta. Littafin ya zaga hannu hannu. Nan fa rumfa ta kama da faɗa. Ashe a asalin labari matar tana raye, masu fim ne suka ga dama suka kashe ta tsakanin kashi na ɗaya da na biyu, a inda ba mai gani. Baba Andrawus ya yi subul da baka ya ce ai tsohuwa ba ta jawo 'yan kallo, samari faɗa suke so. Ya faɗi haka a gaban tsofaffi arba'in. Da ƙyar ya samu ƙofa.

Kowa ya wanke Malama, ban da Hajjo. Ta ce ita ba littafi ta tambaya ba ran nan, fim ta tambaya, kuma Malama ba ta ga ƙarshensa ba, ta dai ba ta abin da zai yi mata daɗi ne. Sannan ta ce:

“Takardun Gidaɗo fa?”

Matan Filanin da ke wurin suka rufe baki da hannu. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Malama ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane.

Ran Litinin Hajjo ba ta ɗauko nono ba. Wasiƙu bakwai ta ƙullo a gefen zane, ta shiga motar da ke tahowa daga Manchok, ta sauka a bakin gidan waya, inda wani Malam Dalhatu ke zama da teburinsa yana rubuta wa mutane takardu. Shi ba ruwansa da ran kowa, yadda aka rubuta haka yake karantawa. Huɗu na farko daidai suke da abin da ta ji a bakin Malama: gaisuwa, tambayar shanu, ruwan sama na can da ba ya ɗaukewa. A ta biyar, bayan Hausar ta ƙare, akwai layi uku da Turanci a can ƙasa. Malam Dalhatu ya juya mata su: Malama, harsashi ya same ni a ƙafar hagu, ina asibiti, kada ki gaya wa Inna. A ta shida ya ce wata biyu ya yi a kwance, yanzu yana takawa da sanda. A ta bakwai ya ce ya yar da sandar.

Ta sa ya sake karanta ta bakwai ɗin. Sannan ta nufi gidan Malama.

Ta same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta riga ta ajiye kujera ta biyu. Hajjo ba ta zauna ba. Ta ce wata biyun nan tana ci tana ƙoshi, tana zuwa rumfa tana dariya, ba ta yi sadaka ko ta ƙwarya ɗaya ba, ba ta ƙara ko addu'a guda a kan wadda ta saba ba. Wa ya ba su izinin raba ta da wannan? Malama ta ce yaron ne ya roƙe ta, kuma ta ga kamar ita Hajjo ba ta son a zurfafa, tun da ba ta taɓa tambaya ba.

Hajjo ta ce, “Ba a tambaya a wurinmu, Malama. Shi ya sa na kawo miki. Ke ce za ki faɗa ba sai na tambaya ba.”

Ta ƙara da cewa su da masu fim ɗin nan duk ɗaya ne. An ga tsohuwa, an ce a kawar da ita gefe don labari ya yi sauri.

Malama, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana sa yara durƙuso, ta ce ta yi laifi, a gafarce ta. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta kare kanta ba. Sai a lokacin Hajjo ta zauna. Ta ce a ɗauko biro da takarda, yau ita ce za ta aika. Ta ce a rubuta wa mutumin nan cewa shanu lafiya, an yi ruwa, kuma in ya sake ɓoye mata abu da Turanci, to ya nemi inda zai riƙa shan nono in ya dawo. Malama ta rubuta, ta karanta mata, Hajjo ta ce a sa yatsa a kan kowace kalma tana gani. Daga ranar haka suke yi da kowace wasiƙa, har layin ƙasa.

A rumfa ma abin ya canza. Asabar ɗin da ta biyo, mugu ya zagi jarumi, Malama ta gyara tabarau, ta dubi Hajjo, ta faɗi zagin yadda yake. Bernice ta faɗo daga benci don dariya, matar fasto kuma ta yi sati uku ba ta zo ba.

Ƙurunƙus, iyakarta ke nan. Gidaɗo ya dawo da damina ta gaba yana ɗan ɗingishi, ya bar soja ya kama noman citta kusa da rugarsu. Hajjo ba ta sake kama sunansa ba har ta rasu, kuma a cikin kayanta aka samu ɗan littafin nan mai zane-zane, don Malama ta bar mata shi. Malama Lai'atu ta riƙe kujerarta sai da idanunta suka gaza. Baba Andrawus ya ci gaba da sa wa samari kashi na biyu har kaset ɗin ya tsinke a wurin jirgin, amma mata sun hana a sake sa shi ran Asabar.