Raket mai faɗin kai

"Ba inda za ni sai na gama," in ji Kawu Fikri, ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan na jan tsirkiyar raket.

Nirmin ta dubi matarsa Awaɗif, wadda ta rugo ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ko takalmi babu. An kira motar asibiti tun ɗazu, amma cunkoson la'asar na Iskandariyya ya riƙe ta a bakin teku.

Shekara arba'in Kawu Fikri yana saƙa wa 'yan tanis raket a ɗan shagonsa da ke ƙasan benensu. Shi ya fara danƙa wa Nirmin raket mai ƙaramin kai, ya ce mai faɗi na malalata ne. Ƙaramin ba ya yafe kuskure, amma inda ka aiki ƙwallo nan za ta sauka. Da shi ta yi suna. Yanzu ta kai shekara talatin da huɗu, gwiwar hannunta ta lalace, bugunta ba ya kai ƙarshen fili, gobe kuma za a zaɓi waɗanda za su ci gaba da buga wa kulob.

Sai yanzu ta lura da raket ɗin da ke kan injin saƙarsa. Faɗinsa kamar faifai.

"Kawu, na malalata ne fa wannan."

"Na tsofaffi ne. Barka da zuwa cikinmu." Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Yana numfashi da kyar ya gaya mata wannan zai ara mata ƙarfin da hannunta ya rasa, ko ƙwallo ta sami gefe za ta tafi. Sai dai bugun zai riƙa zarce layin fili. Maganinsa ta shafo ƙwallon daga ƙasa, ta murɗa ta, ita da kanta za ta faɗo ciki.

Awaɗif ta roƙe shi don Allah ya kwanta. Zufa ta jiƙe masa riga, leɓɓansa sun yi fari. Nirmin ta zaunar da shi a kujera da ƙarfi, ta ɗauki bakin tsirkiyar.

"Sama, ƙasa," yake ce mata. "Kin tsallake ɗaya, 'yar nan. Koma."

Tana saƙa, kunnenta na kan titi. Ta saƙa layi uku kafin ta gane ya daina gyara mata. Da masu motar suka shigo, ba abin da suka yi sai rufe masa ido.

Bayan jana'iza Nirmin ta ƙarasa saƙar da kanta. Ranar zaɓen a filin kulob, bugunta huɗu na farko duk waje suka yi; na biyar ya lanƙwaso ya sauka kan layi. A benci na ƙarshe Awaɗif ce zaune cikin baƙaƙen kaya, ita da ba ta taɓa taka kulob ɗin ba, kanta na bin ƙwallo, dama, hagu.