Malafar Madam Strickland

Shekara ashirin Lavinia Strickland ta yi tana sa mutane kuka a dandalin wasan kwaikwayo na New York. Da ta zo Hollywood kuwa, sai aka liƙa mata fim ɗin barkwanci, za ta fito a attajira mai rawar kai da ta ɗauki ɓarawo aikin direba.

Kwana huɗu baiwar Allah tana gwale ido, tana murguɗa baki, tana tafiyar agwagwa. Ko tari babu wanda ya yi. Rana ta biyar darakta Emmett Kowalski ya zare sigari daga bakinsa.

"Madam, in ba mu samu fitowar nan kafin sha biyu ba, masu kamfani sun ce a nemo wata. Don Allah ki daina ƙoƙarin ba mu dariya, ba ki iya ba."

Maganar ta yi mata zafi, tsoro kuma ya kama ta, don ta riga ta yi sallama da New York. Ta ce a ranta, in korar ce, gara a kore ta tana yin abin da ta iya.

Fitowar ba wata mai wuya ba ce. Rufus, mai fitowa a direba, zai zauna a kan malafarta ta gashin jimina, ita kuma ta yi masa faɗa. Aka kunna kyamara, Rufus ya zauna daram. Lavinia ta zaro malafar ta rungume kamar gawar ɗanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kai, marar imani! Me ta yi maka? Sabuwa ce dal, ko sau ɗaya ba ta je coci ba!"

Mai kyamara ya ciji hularsa. Mai riƙe da sandar makirufo ya hau kyarma, sai ɗakin ya ɓarke da dariya, sautin duk ya lalace.

"Me ake wa dariya?" in ji ta a fusace. "Kuka fa nake yi!"

"Shi muke so, Madam," in ji Emmett yana share ido. "Babu inda za ki. A kawo wata malafar!"

Malafa tara Rufus ya murƙushe kafin ma'aikata su iya danne dariyarsu. A ta goma kowa ya yi tsit, ana jiran Lavinia. Ta matsa, ta matsa, hawaye ya ƙi zuwa. Murna ce ta hana ta.