Injin Gajere

An ce wani inji ne Gajere ya sayo daga ƙasar waje, shi ya sa takalman makarantar da yake yi ba sa kwana a kasuwa. Duk wanda ya kawo wa Malama labarin sai ta tambaye shi ko ya gani da idonsa. Sai ya ce a'a, amma wanda ya gani ne ya faɗa masa.

Ba don ɗanta ba, da ba ruwanta. Shi ma takalma yake yi. Ya rubuta "Manaja" a ƙofar wani ɗaki da ko taga babu, sunan ya bi shi. Wata uku ke nan 'yan kasuwa na dawo masa da kaya a buhu, takalman duk sun wage baki. Yanzu so yake ta sa hannu a sayar da gidan da mahaifinsa ya bari, ya sayi irin injin.

"Umma, zamani ya wuce guduma," ya ce da safen nan, yana miƙa mata takarda.

"Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan 'an ce' ba. Ajiye ta tukuna."

Ta tafi ganin injin da idonta. Bas biyu ta shiga, gwiwarta na mata zugi. Wurin Gajere wata doguwar rumfar kwano ce a bayan masu walda, sai warin fata da gam. Ta zaci ƙara za ta tarar. Mutum shida ta gani zaune, hannu a cinya, ɗaya har da gyangyaɗi. A kan bencina an jera tafukan takalma, fuska sama, suna ƙyalli.

Gajere ya fito. Sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar.

"Sannu da zuwa, Mama. Takalmin jika za a auna?"

"Inji na zo gani."

Ya yi dariyar wanda ya gaji da tambayar, ya kai ta lungu ya ɗaga tamfol. Ga injin nan, kore, da ledarsa. A kansa ma'aikata suka jera kwanukan abincinsu.

"Shekara biyu yana nan. Wutar layin nan ba ta iya tada shi. Sau ɗaya ya yi tari, ya koma barci."

"Amma ka bar mutane suna ta faɗa."

"Ban ce ba, Mama. Ban dai hana ba."

Ta nuna mutanen da haɓa. "Waɗannan fa? Zama kake biyansu?"

Wani dattijo mai farin gemu a cikinsu ya buɗe ido. "Gam muke jira, Yaya." Ya ɗora bayan yatsa a kan wani tafi, ya ɗago, gam ya biyo shi kamar zare. "Kin gani? Bai yi ba. Sai ya daina kama hannu yake kama fata. Minti ashirin, in da damshi ya fi."

"Da ana biyana ƙafa-ƙafa ai da tuni na manna na wuce," in ji na kusa da shi. "Wa zai zauna gadin gam?"

"Shi ya sa yini nake biya," Gajere ya ce.

Malama ta dubi tafukan da ke kan bencin. Ƙafa-ƙafa ɗanta yake biya, kullum yana zagaye yana cewa kada ya ga hannu a banza. Ta nemi kujera, ta cire agogonta ta ɗora a gwiwa. Minti ashirin da biyu. Sannan suka miƙe lokaci guda, gudumomi suka fara. Ta karɓi ƙafa ɗaya, ta sa yatsu ta ja tafin iya ƙarfinta har wuyan hannunta ya ƙage. Ko gezau.

Rana ta karkata kafin ta isa gida. Manaja na tsaye a bakin ƙofa, ya karɓi jakarta, ya riƙe mata hannu ta hau dakali.

"Kin gan shi, Umma? Babba ne?"

Ta zauna ta zare takalminta, tana murza gwiwa.

"Babba ne. Kore. Bai taɓa haɗa takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Gam suke bari ya sha iska."