Rantsuwar da Na Yi wa Tsuntsuwa

Ranar da aka ɗauke ni aiki a gidan marayu, Shugaba ta miƙo mini takarda mai shafi uku, ta ce in karanta in sa hannu. Ni a aji shida na firamare na tsaya. Na bi shafin farko da yatsa, layi-layi, sai na ga tana duba agogon hannunta. Kunya ta kama ni, na juya zuwa ƙarshe na rubuta sunana. Dokokin da na sani, yawancinsu a bakin mutane na tsince su: ba a rufe ƙofa da yaro a ɗaki, ba a ɗaukar hotonsu a waya, ba a ba ɗaya kyauta a bar sauran, ba a duka ko da da ɗan yatsa ne.

Aikina wanka da wanki a ɗakin 'yan mata ƙanana, gado goma sha ɗaya. Mai girkin gidan, wadda kowa ke kira Iya, ita ta raɗa mini suna. "Ke Sarauniyar Kunya, ɗago kai ki gaishe ni mana, ba a ƙasa nake ba."

A ɗakin akwai wata yarinya 'yar shekara takwas, ana ce mata Tsuntsuwa saboda ƙin cin abinci. Ba ta magana sai an matsa mata. Bayan rasuwar uwarta ta zauna wurin kawunta wata biyar, da ya rasa aiki aka kawo ta nan. Yanzu ya sami aiki, ya kama ɗaki, ya nemi a mayar masa da ita. An gama takardu. Juma'a zai zo ya ɗauke ta. Na gan shi sau biyu, mutum mai tsabta, har maigadi yake tsayawa ya gaishe.

Ran Litinin da la'asar ina shanya zannuwan gado a bayan ɗakin wanki, ta zo ta tsaya tana miƙo mini su ɗaya-ɗaya. Ba na damun ta da tambaya, don ni ma ba mai yawan magana ba ce. Ina ga shi ya sa take zuwa wurina.

"Anti."

"Na'am."

"In faɗa miki wani abu?"

"Faɗi."

"Sai kin rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

Wata takwas tana gidan, ban taɓa jin ta haɗa kalmomi masu yawa haka ba. Na ji tsoron in na yi jinkiri za ta sake rufe baki. Na ce, "Wallahi ba zan faɗa ba."

Ta juya ta ɗaga gefen siket ɗinta. Na san tabon, kullum ina ganinsa wurin wanka, a bayan cinya, faɗin tafin hannuna. A katinta an rubuta cewa kan murhu ta faɗa.

"Ba murhu ba ne. Dutsen guga ne. Kawu ne, da na fasa masa kofi. Ya ce in na faɗa, na gaba a fuska zai yi."

Ta saki siket ɗin, ta ɗauko wani zanin ta miƙo mini.

Ban faɗa wa kowa ba ran Litinin. Ban faɗa ba ran Talata. Na rantse da Allah, kuma a gidanmu wanda ya rantse ya gama magana. Na riƙa gaya wa kaina ko zan sami dabara: in ce tana zazzaɓi, in ɓoye jakarta. Ran Talatar nan ni aka sa na ninke mata kayanta na zuba a jakar. Tana zaune a bakin gado tana kallona, har ta yi mini ɗan murmushi.

Ran Laraba na shiga kicin karɓar ruwan zafi. Iya tana yanka albasa.

"Iya, idan mutum ya rantse wa wani, sai kuma…"

"Wa kika rantse wa? Saurayi kika yi ba mu sani ba? Ashe bakin nan yana buɗuwa!"

"Ba saurayi ba ne."

Ta ajiye wuƙar. Ta dube ni sosai. "Yaro ne?"

Na sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan, kin kashe ni. Doka ta tara, shafi na biyu. Ba a yi wa yaro alkawarin riƙe sirri. Ce masa ake yi, zan faɗa wa wanda zai taimake ka. Kuma a ranar ake kai rahoto, kafin ki fita ƙofa. Ba ki karanta ba?"

"Na farkon na karanta."

"Na farkon! To sauran biyun ado ne? Kada ki gaya mini abin da ta ce, ba ni ce mai ji ba. Goge hannunki ki tafi ofis. Ko ki je da ƙafarki, ko in je da tawa, kuma in ni na je, sunanki wadda ta ɓoye."

"Iya, na rantse fa."

"Ki nemi gafara wurin Allah, shi yana yafewa. Wancan da za a ba yarinyar fa?"

Ban san yadda ta gane wace ce ba. Wataƙila don ita kaɗai ce za ta tafi a satin.

Shugaba ta saurare ni ba ta katse ni ba. Sau biyu kawai ta ce in ɗaga murya. Da na gama ta jawo takarda ta tambaya, "Yaushe ta gaya miki?"

Da na ce yau, da ba wanda zai sani sai Tsuntsuwa. Na ce, "Litinin."

"Litinin." Ta rubuta. "Da kin ƙara kwana biyu, da ni da hannuna zan miƙa ta."

Ta aika aka kira Nas, mai jinyar gidan, aka kawo yarinyar. Ta ce in fita, amma a bakin ƙofa muka haɗu. Tsuntsuwa ta dubi Nas, ta dubi ofishin, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta raɓa ta jikin bango don kada rigarta ta taɓa ni.

Daga baya Nas ta ce da aka tambaye ta, cewa ta yi murhu ne, ba ta gaya wa kowa komai ba, Anti ƙarya take yi. Sau huɗu tana maimaitawa. Likitan da aka kai ta wurinsa ran Alhamis shi ya rubuta cewa murhu ba ya barin tabo mai tsini da ƙananan ramuka a jere. Da wannan takardar aka dakatar da miƙa ta. Ran Juma'a kawun ya zo, ya yi ta ihu a bakin ƙofa har maigadi ya sa sakata. Ban gani ba, an dakatar da ni sati biyu.

Da na dawo, Shugaba ta ce ta bar ni ne don ban yi ƙarya a kan ranar da yarinyar ta gaya mini ba, amma an ɗauke ni daga ɗakin 'yan mata. Wanki kawai, ni da injin da bokitai. Tsuntsuwa ta zauna a gidan, ba za a mayar da ita ba. Nas ta ce tun ranar ko "na'am" ba ta ce wa wani babba ba.

Shekaranjiya na kai zannuwa ƙofar ɗakinsu. An kawo sabuwar yarinya, ƙarama, tana zaune a ƙasa tana kuka. Ta gan ni ta miƙo hannu. Kafin in ajiye kwandon, Tsuntsuwa ta sauko daga gado ta riƙe mata hannun, ta ja ta ciki.

"Kada ki gaya mata komai," ta ce mata. "Ko ta rantse."