Gawa Ta Bakwai

Shekara arba'in Stoil yana cewa bai mutu ba, shekara arba'in mutanen ƙauyen suna yi masa dariya.

Da masu shirya fim suka zo tsohon ramin fasa dutse, sun ɗebi samari goma su fito a ƙerarrun mutane, bayin ƙarfe masu fatar ɗan Adam. A ƙarshen fim ɗin aka harbe su duka. Stoil ne na bakwai a jerin gawa, kuma kafin hoton ya ɗauke, ɗan yatsansa ya motsa.

"Da gangan na yi," yakan ce. "Nawa bai mutu ba."

"Kai ko gawa ba ka iya ba," in ji Pencho, abokinsa, gawa ta shida.

Bana, lokacin gashin tattasai, 'yarsa ta aiko da littafi daga birnin Plovdiv: ci gaban labarin fim ɗin. Stoil ya ɗauka ya nufi tsakar gidan Pencho, inda rabin unguwa ke ɓare tattasai. Karatunsa na tafiyar kunkuru ne, sai ya miƙa wa matarsa Donka.

"Tsohuwa, karanta musu. Da ƙarfi."

"In an binne ka fa?"

"Karanta."

"In an binne shi," Pencho ya ce, "zai miƙe a gabanmu ya ce ƙarya ya yi."

Stoil ya yarda. Yamma uku suna abu ɗaya, ba labarin ramin dutse. Stoil ya daina cin abinci sosai. A ta huɗu Donka ta gyara tabarau.

"A cikin gawarwakin, na bakwai ya motsa yatsa. Ya tashi. Shi ne ya ja sauran bayin zuwa tsaunuka."

Tsakar gida ta kaure da shewa. Stoil bai ko murmusa ba, gashin bakinsa kawai ya shafa.

"Ni fa?" in ji Pencho. "Na shida fa?"

Donka ta juya shafi. "An narkar da kai. An yi bokiti."

A hanyar gida Donka ta riƙe wa Stoil hannu.

"Tsoho, rina ce fa ta harbe ka a yatsa ranar ɗaukar fim ɗin. Ni na shafa maka tafarnuwa a yatsan."

Stoil ya tsaya cak.

"Akwai rina a littafin?"

"Babu."

"To," ya ce, ya wuce gaba, ƙirji a waje.