Alƙaluman Cikin Aljihun Fintan

Tun farkon bazara Fintan Gilhooly ya fara sammakon zuwa rumfar dattawa, kafin kowa ya ɗora butar shayi. Matarsa Nuala ta ɗauka ƙwazo ne ya motsa masa. Shi kuwa gudun ido yake yi, don ba ya son a ga abin da ke fitowa daga hannunsa.

A rumfar, wadda a da garejin cocin ƙauyensu ce, inda yanzu dattawa ke haɗuwa suna aikin hannu, kowane tsoho da abin da aka san shi da shi. Fintan alƙalami yake yi, da baƙin itacen nan da ake tonowa a fadama. Ya huda guntun, ya zura shi a siririyar sandar ƙarfe, ya ɗaure sandar tsakanin kan inji da wutsiyarsa, inji na juyawa yana bi da cizal, ƙarfen sassaƙa. A da, in ya gama, sai ka shafa wurin da itace ya haɗu da ƙarfen alƙalamin ba ka ji gaɓa ba. Yanzu kuwa gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen farce na kamawa. Alƙalamin ya fito kamar ƙwai.

Bai tambayi kowa ba, don yana ganin ya san dalili. Mahaifinsa ya rasu hannu na rawa, ko maɓallin riga sai an saka masa. Kuma wata safiya, ba da jimawa ba, Fintan ya ji kofin shayi na kaɗawa a hannunsa. Daga ranar, duk alƙalamin da ya lalace sai ya jefa aljihun kwat, ya share wurin, ya zauna jiran mutane kamar yanzu ya iso.

Ran nan ya zo da shawara a ransa: ɗaya zai ƙara. In ya fito a karkace, zai rataye cizal, ya ce wa mutane ya gaji da ƙura.

Ya ɗaure itacen, ya murza wutsiyar injin da hannu biyu har sai da ta ƙi motsi. Ya bi a hankali, yana riƙe numfashi. Da ya kashe injin ya kai babban yatsa. Farce ya kama.

"Wa ya mutu?"

Ambrose Tierney ne a bakin ƙofa, da ledar madara a hannu, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Tare suka yi firamare, kuma tun lokacin bakinsa bai huta ba.

"Ba kowa," in ji Fintan.

"To fuskar jana'izar fa? Ko Nuala ta gano inda kake ɓoye biskit?"

Fintan ya yi niyyar zura alƙalamin a aljihu, sai na cikin aljihun suka yi ƙara. Ambrose ya ajiye madarar, ya miƙo tafin hannu. Fintan ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya kwaso alƙaluman duka ya zube a kan benci.

Ambrose ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani. "Kaza ka koma, tsoho? Wannan ai ƙwai kake sakawa."

"Hannun ne, Ambrose." Muryar ta fito ƙasa ƙasa. "Irin na babanmu."

Ambrose ya san mahaifin Fintan, ya sha kai masa jarida. Ya cire hula ya kakkaɓe.

"Likita ne ya faɗa?"

"Ba sai likita ya faɗa ba."

"Au, ka zama likitan ma. Matsa, ba ni wuri."

Ya ɗauko guntun itacen gwaji daga kwandon tarkace, wanda aka riga aka huda, ya zura a sandar ya tada inji. Fintan ya tsaya bayansa yana kallon hannuwan nan masu kauri, waɗanda ko gezau ba sa yi. Da aka gama, Ambrose ya miƙa masa. Fintan ya shafa, ya sake shafawa. Gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen farce na kamawa.

"To, ko dai ciwon babanku na bin maƙwabta," in ji Ambrose, "ko kuma wannan tsohuwar ce ke mana ƙarya." Ya daki injin da tafin hannu.

Fintan bai yarda nan take ba. Mutum in ya daɗe da tsoro a ciki, ba ya sakinsa da sauƙi. Amma shi da kansa ya zare sandar, ya saka tsini a kan injin, ya turo wutsiyar mai nata tsinin a hankali don tsinin biyu su haɗu baki da baki. Suka duƙa, kai da kai, tabarau na gugar tabarau. Tsinin ba su haɗu ba. Ɗaya ya ɗan goce gefe, kamar kaurin farce.

Fintan ya cire tsinin, ya zura ɗan yatsa cikin ramin da gindin sandar ke zama. Ya fito baƙi ƙirin: garin itace ya haɗu da mai ya daskare a gefe ɗaya. Suka naɗa tsumma a tsinke suka goge, suka share ƙarƙashin wutsiyar ma. Da suka sake gwadawa, tsinin suka sumbaci juna.

"Saura sandar," in ji Ambrose.

Babu abin da yake shimfiɗe sosai a rumfar sai gilashin hoton ƙungiyar ƙwallon ƙauye. Ambrose ya sauke shi daga bango, ya kwantar, ya mirgina sandar a kan fuskokin 'yan wasan. Maimakon ta tafi shiru, sai ta riƙa ɗingishi, ƙwas, ƙwas, haske na leƙowa ta ƙarƙashin tsakiyarta.

"Wani ƙato ya lanƙwasa ta," in ji Ambrose. " Bari in kama shi."

Akwai sabuwar sanda a cikin durowa. Fintan ya ɗauko, ya zura itace, ya ɗaure noti, ya kama wutsiyar da hannu biyu zai murza.

"Tsaya, tsaya. Bijimi kake ɗaurewa?"

Fintan ya dubi hannuwansa. Sai yanzu ya gani. Da can da yatsu yake murzawa, tsini ya taɓa sandar kawai ya bari. Tun da alƙalami na farko ya karkace, ya daina yarda da hannunsa, ya shiga ƙara matsi don kada komai ya motsa. Dattin ramin ne ya fara ɓata aikin, shi kuma ya bi sandar da ƙarfi har ta gantsare. Kullum yana ƙara matsawa, kullum tana ƙara lanƙwashewa.

"Ka kama ƙaton," in ji Fintan.

"Na kama shi. Ga shi ko kunya babu."

Ya sassauta, ya murza da yatsu uku. Injin ya tashi da wata murya mai laushi da ya manta da ita. Baƙin gari ya riƙa zuba a kan takalminsa. Ya goge da samfefa, ya kashe, ya rufe ido, sannan ya kai yatsa. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Bai ji inda itace ya ƙare ba.

Ya nemi kujera ya zauna. Ambrose ya juya masa baya, ya daɗe yana fama da butar shayi fiye da yadda aikin yake bukata.

Da kofin ya zo, ya ɗan kaɗa a hannun Fintan. Su biyun suka gani.

"Wannan kam ka kai wa likita na gaske," in ji Ambrose. "Kuma ka gaya wa Nuala, kafin in riga ka."

"Zan gaya mata yau."

Ya kurɓi shayin, ya ajiye, ya jawo wani guntun baƙin itace yana duba ta inda zai huda.

"Mayar da hoton nan bango," ya ce, "kafin sauran su zo su ce mun taka musu mai tsaron gida."